Alluran da ke iya taɓa kunne: tambayoyi da amsoshi kan gentamicine da danginta

A asibitocin Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusri a arewacin Kamaru, har zuwa Njamena a Chadi, akwai wasu alluran kashe ƙwayoyin cuta da ake amfani da su kowace rana saboda suna da araha kuma suna da ƙarfi. Sun ceci rayuka masu yawa, amma suna iya lalata ji da daidaiton tafiya, kuma abin da suka lalata a can cikin kunne ba kasafai yake gyaruwa ba. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda masu jinya, iyayen jarirai da masu shan maganin tarin fuka suka fi maimaitawa.

Waɗanne magunguna ne ake nufi?

Mafi yawansu 'yan gida ɗaya ne, gidan da likitoci suke kira aminoglycoside. Tun da takardun asibiti da kwalayen magani a yankinmu da Faransanci ake rubuta su, sunayen da za ku gani su ne gentamicine, amikacine, streptomycine, kanamycine, tobramycine da néomycine. Streptomycine ce ta fara fitowa. An gano ta a Amurka a 1943, a ɗakin binciken Selman Waksman, kuma ita ce magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Tun a shekarun farko na amfani da ita likitoci suka lura cewa wasu da suka warke daga tarin sun koma suna tangaɗi, wasu kuma jinsu ya ragu. Gentamicine ta biyo baya a 1963, kuma a yau ita ce aka fi samu a ƙananan asibitoci.

Hanji ba ya tsotsar waɗannan magunguna sosai, shi ya sa ake ba da mafi yawansu ta allura ko ta ƙarin ruwa. Ba wuri ɗaya suke fi yi wa ɓarna ba: gentamicine da streptomycine sun fi taɓa sashen daidaita jiki, amikacine, kanamycine da néomycine kuma sun fi taɓa sashen ji. Amoxicilline, ampicilline da ceftriaxone, waɗanda mutane suka fi sani, ba sa cikin wannan gida.

Ta yaya allurar da aka yi a cinya ko a jijiya take kaiwa ga kunne?

Jini ne yake kai ta. Bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku da ke biye da shi, akwai wani ɗaki a cikin ƙashin kai mai cike da ruwa, wanda ya kasu gida biyu. Sashen ji a naɗe yake kamar katantanwa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, waɗanda suke mai da motsin sauti ya zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ɗaya sashen yana da irin waɗannan ƙwayoyi, amma aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata da yadda jiki yake motsi.

Maganin yana fita daga jini ya shiga wannan ruwa, daga nan ya ratsa cikin ƙwayoyin ta ƙananan ƙofofin da ke kan gashinsu. A ciki yana haifar da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayar, yana kuma lalata sassan da ke samar mata da kuzari, har ta mutu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ƙoda tana wanke maganin daga jini cikin sa'o'i, amma a cikin kunne yana iya zama har tsawon watanni. Saboda haka ana samun wanda aka sallama daga asibiti yana ji lafiya lau, sai bayan makonni jinsa ya fara raguwa, ba wanda ya danganta abin da allurar da aka riga aka manta da ita.

Mene ne alamomin farko?

Sau da yawa ƙara ce a kunne, ko dai kamar fito ko kamar kukan gyare, wadda ba ta tsayawa dare da rana, ko kuma mutum ya ji kunnensa a toshe. Ɓarnar tana farawa ne daga inda ake jin siraran sautuka, waɗanda suka fi muryar ɗan Adam tsini, don haka da farko mara lafiya ba ya sanin komai ya canza. Idan ta ci gaba sai ta sauko kan sautukan magana irin su s, sh, f da ts. A wannan mataki mutum yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman a kasuwa, a wurin biki ko idan yara da mata ne suke magana. Iyalai sukan ɗauka rashin kulawa ne ko kasalar ciwo, alhali kunne ne. Galibi kunnuwa biyu ne suke taɓuwa tare.

Tun da aka yi wa mahaifinmu allurai yake layi idan yana tafiya, amma yana ji sarai. Wannan ma daga maganin ne?

Yana iya zama daga gare shi, musamman idan gentamicine ko streptomycine aka yi masa, kuma jin da yake yi sarai bai kore hakan ba. Idan sashen daidaita jiki ya lalace a ɓangarori biyu lokaci ɗaya, ba lallai mutum ya ji duniya tana juya masa ba. Abin da yake gani shi ne abubuwa suna rawa ko tsalle a idonsa duk lokacin da ya motsa kai, har ya kasa gane fuskar mai tahowa ko karanta allon shago sai ya tsaya cak. Lamarin yana tsananta a cikin duhu, a kan yashi, ko a hanya mai gargada, domin a nan ne ido da tafin ƙafa ba sa iya cike gurbin kunne. Dattijon da yake zuwa masallaci da rana ba tare da matsala ba amma yake faɗuwa a hanyar sallar asuba, ya kamata a tambayi irin allurar da aka yi masa.

Wannan alama tana ɓoyuwa muddin mara lafiya yana kwance a gado, sai ranar da ya tashi. A nan ma akan ce ai jinya ce ta cinye shi, zai murmure. Ku faɗa wa likita da bakinku, ku ambaci sunan allurar da yawan kwanakin da aka yi ana yin ta. Mai haya da babur, masunci da magini mai hawa sama kada su koma aiki sai an duba su.

Idan an daina maganin, jin zai dawo?

A mafi yawan lokuta ba ya dawowa. Ƙwayoyin gashin kunnen ɗan Adam ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma har yau babu ƙwaya, allura ko maganin gargajiya da yake rayar da su. Amfanin dakatar da maganin da wuri shi ne a ceci waɗanda suka rage. Matsalar tangaɗi tana da ɗan sauƙi a wannan fanni, domin ko da ƙwayoyin ba su dawo ba, ƙwaƙwalwa tana koyon dogaro da ido da ƙafa, kamar yadda aka bayyana a amsa ta ƙarshe.

Wane ne ya fi shiga haɗari?

Na farko shi ne mai raunin ƙoda. Ƙoda ce kaɗai take fitar da waɗannan magunguna, kuma su ma suna iya raunana ta, sai maganin ya taru a jini, ya ƙara taruwa a kunne. Tsofaffi, masu ciwon suga, masu hawan jini da aka daɗe ana fama da shi, da jariran da aka haifa ba su cika wata ba duk suna cikin wannan rukuni. Ƙarancin ruwa a jiki yana jawo irin wannan matsala ko ga mai lafiyayyar ƙoda, kuma wannan ya shafe mu sosai. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi a Marwa da Njamena yana haura digiri 40, kuma mara lafiya mai zazzaɓi, amai ko gudawa yakan iso asibiti jikinsa a bushe. Wanda ake yi wa irin wannan allura a watan azumi ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Na biyu shi ne tsawon lokaci. Allurar kwana uku ko biyar ba ɗaya take da ta makonni ko watanni ba, kuma wanda aka taɓa yi wa a baya yana ɗauke da ragowar haɗarin zuwa karo na gaba. Sai haɗa ta da wasu magunguna masu taɓa kunne, waɗanda aka kawo a amsar da ta shafi kinin. Ƙara mai ƙarfi ma tana ƙara ɓarnar, don haka mai aiki a injin niƙa, a garejin walda ko kusa da janareta ya nisanci wurin a lokacin jinya da watannin da suka biyo baya, ko ya toshe kunnuwansa da abin kariya.

A danginmu mutum biyu sun kurumce bayan allura. Abin yana bin jini ne?

Akwai irin da yake bin jini, kuma ta wajen uwa kawai yake bi. A 1993 masu bincike suka bayyana wani ɗan canji a ƙwayoyin gado, wanda ake yi wa laƙabi da m.1555A>G, da ke cikin sassan nan masu samar wa ƙwayar halitta kuzari. Mutum yana gadon waɗannan sassa daga mahaifiyarsa ne. Mai ɗauke da wannan canji yana iya kurumcewa bayan allura ɗaya tak, ko da an auna ta daidai kuma ƙodarsa lafiya take. Uwa tana ba da shi ga 'ya'yanta maza da mata, amma namiji ba ya ba da shi ga nasa 'ya'yan.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce ta ɗakin uwa: mahaifiya, kaka ta wajen uwa, kawunnai, innoni da 'yan uwan da kuka fito ciki ɗaya. Idan a cikinsu akwai wanda ya rasa ji bayan allurai, ku sanar da likita kafin a fara, ku kuma roƙi a rubuta a bangon littafin asibitin kowane yaro na wannan tsatso. Wannan bayani da iyali suke riƙe da shi yana da daraja ƙwarai, kuma babu abin kunya a faɗinsa.

Idan haka haɗarin yake, me ya sa likitoci ba su daina amfani da su ba?

Domin akwai cututtukan da suke kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma waɗannan allurai suna daga cikin abin da ke tsayar da su. Ga jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa ampicilline da gentamicine. Haka ake yi wa yaro mai tsananin tamowa da ya zo da wata cuta a kai, haka kuma ga wasu cututtukan ƙoda, na ciki da na bayan haihuwa. Idan an auna maganin da nauyin jiki, an ba da shi sau ɗaya a rana, an kuma taƙaita kwanakin, yawancin mutane suna gamawa ba abin da ya sami kunnensu.

Wannan bayani ba kira ba ne a ƙi allura. Uban da ya ɗauke jaririnsa daga asibiti saboda tsoron kurumta ya jefa shi cikin haɗarin da ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma cutar da ba a magance ba ita ma tana kurumtarwa. Sanƙarau, wanda yankinmu ya sani sarai a lokacin rani, yana cikin manyan dalilan kurumtar yara, haka ƙyanda da hangum. Abin da ake nema shi ne a yi allurar inda ake buƙatarta, a hannun wanda ya san awonta.

An yi wa jaririna gentamicine a makonsa na farko. Ta yaya zan san yana ji?

Ki kwantar da hankalinki, domin gajeren magani irin wannan haɗarinsa kaɗan ne, amma ki sa ido. A watannin farko jariri yana firgita ko ƙifta ido idan an yi ƙara mai ƙarfi. Wajen wata 6 yana juyowa inda murya ta fito, kafin wata 9 zuwa 10 yana gwalantu iri iri, kuma wajen shekara ɗaya yana waiwayowa idan an kira sunansa. Idan za ki gwada shi, ki tsaya ta bayansa inda ba ya ganinki, kada ki buga ƙasa ko gado, domin yaron da ba ya ji yana amsa motsi da girgiza har ya ruɗi iyayensa.

Akwai gwajin na'ura na mintuna kaɗan da ake yi wa jariri yana barci, ba ya ciwo. Ki tambayi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa. Kada ki yarda da maganar cewa a gidan haka yara suke jinkirin magana, domin shekarun farko su ne lokacin da harshe yake kafuwa.

Ina maganin tarin fuka. Shin dole ne a yi mini waɗannan allurai?

A yau ba dole ba ne ga mafi yawan mutane. Maganin tarin fuka na wata 6 da aka saba bayarwa ƙwayoyi ne zalla, babu aminoglycoside a ciki. A da, wanda tarin ya dawo masa akan ƙara masa streptomycine na wata biyu, amma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar wannan tsari. Masu tarin da ya bijire wa magani su ne suka fi shan wahala, domin an riƙa yi musu kanamycine ko makamanciyarta na watanni, kuma da yawa sun warke daga tarin sun fita da raunin ji. Kamaru tana cikin ƙasashen Afirka da aka gwada gajeren tsarin wata 9 mai ɗauke da kanamycine. A 2018 hukumar ta cire kanamycine da capréomycine, wata allurar tarin fuka mai taɓa kunne, daga shawarwarinta, ta fifita ƙwayoyi irin su bédaquiline, a 2022 kuma ta amince da tsarin wata 6 na ƙwayoyi kawai ga irin wannan tari.

Amikacine ta rage ga wasu 'yan lokuta da babu wata mafita. Idan an ce za a yi muku ita, haƙƙinku ne ku tambayi dalili, ku kuma nemi a auna jinku kafin a fara da kuma a kai a kai. Kada ku yanke maganin tarin fuka da kanku ko da kun ji ƙara a kunne. Ku koma cibiyar a ranar, a canza muku a can.

Mai ciki da mai shayarwa fa?

Waɗannan magunguna suna ratsa mabiyiya, kuma an sami jariran da aka haifa da kurumta bayan an yi wa iyayensu mata streptomycine ko kanamycine da ciki. Mace ta faɗi cewa tana da ciki, ko tana zaton haka, kafin kowace allura. Idan cutar ta yi tsanani likita yana iya zaɓar gentamicine na 'yan kwanaki duk da cikin. Shayarwa ba ta da wannan damuwa sosai, domin abin da ke shiga nono kaɗan ne kuma hanjin jariri ba ya tsotsarsa yadda zai yi yawa.

Maganin ɗigawa a kunne shi ma yana da wannan illa?

Idan dodon kunne lafiya yake, maganin ba ya wucewa ciki. Idan kuwa ya huje, kamar yadda yake ga yaran da kunnensu ya daɗe yana zubar da mugunya, maganin ɗigawa mai néomycine ko gentamicine yana iya isa can ciki kai tsaye, musamman idan an ci gaba da ɗigawa bayan mugunyar ta tsaya. A irin wannan hali likitoci sun fi zaɓar mai ciprofloxacine ko ofloxacine. Kada a ɗiga komai a kunne mai zuba sai an leƙa shi da fitila, kuma kada a fasa kwalbar allura a zuba a kunne.

Na sha kinin kunnena ya yi ta ƙara. Shi ma cikinsu yake?

Kinin maganin zazzaɓin cizon sauro ne, ba ya cikin wannan gida, kuma ƙarar da toshewar da yake kawowa galibi suna wucewa bayan an gama shi. Haka aspirin idan an sha da yawa, haka érythromycine da azithromycine idan awon ya yi yawa ko an daɗe ana sha. Furosémide, wanda ake bai wa masu kumburi da ciwon zuciya don su yi fitsari, shi ne abin lura na musamman, domin idan ya haɗu da gentamicine ko amikacine yana buɗe musu hanyar shiga kunne. Vancomycine ma tana ƙara nauyi a kan ƙoda idan an haɗa su. Cisplatine, maganin sankara, ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Ku kai wa likita duk kwalayen da mara lafiya yake sha, har da waɗanda aka saya a waje.

Allurar da ake saya a kasuwa a yi a gida fa?

A nan ne ɓarnar da za a iya kauce mata ta fi yawa. Mutane da yawa sun yi imani cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, kuma gentamicine ba ta da tsada, don haka ake yin ta don mura, don zazzaɓi, don ciwon mara, don abin da ake zaton taifot ne ba tare da gwaji ba. Ba ta yi wa mura ko zazzaɓin cizon sauro komai. Mai yin allura a gida ba ya auna nauyi, bai san halin ƙoda ba, kuma ba ya rubuta komai, don haka idan ji ya tafi babu ma takardar da za a duba.

A yankunan kiwo, daga Ngaundere zuwa karkarar Chadi, akwai ƙarin haɗari. Allurar shanu da ake haɗa pénicilline da dihydrostreptomycine tana hannun makiyaya da yawa. An daina amfani da dihydrostreptomycine ga mutane tun da daɗewa saboda yawan kurumtar da ta jawo. Kada a yi wa ɗan Adam ita ko da asibiti ya yi nisa.

Me ya kamata mai jinya ya tambaya, kuma me zai yi idan alama ta bayyana?

Ku tambayi sunan allurar, kwana nawa za a yi, da ko an auna nauyin mara lafiya. Idan za ta wuce 'yan kwanaki, ko mara lafiyan yana cikin rukunin da aka ambata a amsar masu haɗari, ku nemi gwajin ƙoda na jini da ake kira créatinine. Ku lura da yawan fitsarinsa, ku ba shi ruwa gwargwadon yadda likita ya yarda. Kowace safiya ku tambaye shi ko yana jin ƙara, ku yi masa magana a hankali ta bayansa, kuma idan yana iya tashi ku duba tafiyarsa. Da zarar kun ga canji ku faɗa kafin allura ta gaba, kada ku jira ranar sallama. Likita yana iya rage awon, ya tazarar da shi, ko ya sauya magani.

Wanda jinsa ya riga ya tafi, me ya rage masa?

Ya fara da gwajin ji a sashen ORL don a san iyakar abin da ya rage, domin yawancin mutane ba duka suke rasawa ba. Na'urar ƙara ji tana taimaka wa da yawa idan an daidaita ta da sakamakon gwajin, abin da na'urar da aka saya a kasuwa ba ta yi. Ga wanda ya kurumce ƙwarai akwai na'urar da ake dasawa ta tiyata, amma tana da tsada sosai. Yaron da ya rasa ji yana buƙatar harshe da wuri, ko na baki ko na hannu, kuma makarantar kurame ta fi zaman gida. A cikin gida a riƙa fuskantar mutumin a wuri mai haske, a yi magana a sarari ba da ihu ba, a kashe rediyo idan ana zance da shi.

Mai tangaɗi kuma kwanciya ba ta yi masa amfani. Motsa jiki na musamman da ake koyarwa a sashen gashin ƙashi na asibiti, irin kafa ido a kan abu ɗaya ana juya kai, da tafiya kullum tare da mai rakiya, su ne suke koya wa ƙwaƙwalwa sabuwar hanya cikin watanni. Ya riƙe tocila da sanda da dare, ya guji iyo a kogi, domin a ƙarƙashin ruwa ba zai gane sama da ƙasa ba. Sunan allurar da ta taɓa shi ya kasance a rubuce a littafinsa na asibiti, ya nuna shi duk inda za a yi masa magani, domin ba lallai ragowar jinsa ya jure karo na biyu ba.